Gilashi yau, kontak gobe: yadda nake lallaɓa idona a Glasgow

Tun da hoton Sallah ya isa gida aka ganni ba gilashi nake shan tambaya, Umma har cewa ta yi ko aiki aka yi min a ido na ɓoye mata. Wallahi Umma ba wanda ya taɓa min ido, yana nan yadda kika san shi, in na cire gilashi ko lambar motar bas ba na iya karantawa sai ta zo gabana. Kontak ne a idon, ɗan abu ne mai laushi kamar ɓawon albasa da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, kuma ba kullum nake sawa ba, gilashina yana cikin jaka ko yaushe.

Abin da ya kai ni ga kontak ruwan sama ne. Garin nan na Glasgow da ke Sikotland ba shi da damina ba shi da rani, yayyafi ne kawai ba ranar hutu, ga iska da ke juya lema ta koma kamar kwando. Ki fito da safe gilashi ya jiƙe, ki goge da gefen hijabi ya ƙara dagulewa, ki shiga bas ɗumin ciki ya buge shi ya yi fari fat, ki tsaya gaban direba kina lalube mutane na jira a bayanki. A wajen aiki kuma, gidan kula da tsofaffi nake, in na sa takunkumi numfashina duk a gilashin yake ƙarewa.

Awon ido a nan ba asibiti ake zuwa ba, shaguna ne a bakin titi irin su Specsavers da Boots da Vision Express, da ƙanana na unguwa, kowanne da ma'aikacinsa mai lasisi a ɗakin ciki. A Sikotland awon kyauta ne ga duk mazaunin ƙasar tun 2006, babba duk bayan shekara biyu, amma ƙawata da ke Ingila biya take, don can sai yara ƴan ƙasa da 16 da waɗanda suka kai 60 da masu ciwon suga da ire-irensu ake ɗauke wa. Sun hura min iska a ido don duba hawan jinin ido, na zabura har matar ta yi dariya, sun ɗauki hoton bayan idon suka nuna min a kwamfuta, sannan suka miƙo min takardar awona, in na ga dama in kai wani shagon. To amma fa kyautar a nan ta tsaya. Firem da gilashin kuɗinki ne, kuma kowane ƙari da farashinsa, a rage kauri kuɗi, a sa abin hana ƙyalli kuɗi, ina zaune ana ta lissafi kamar ana haɗa lefe. Sai da na yi kwana tara kafin ya iso.

Ta wannan fannin gida ya fi su, gaskiya. Asibitocin ido na Kano irin ECWA da Makkah ai ba baya ba ne wajen aiki, kuma gilashina na farko da yamma aka yanka min shi na koma gida da shi ranar. Ga gyara. Da hannun gilashina ya karye a nan na kai wani shago, yarinyar ta jujjuya shi ta ce sai dai sabo. Na tuna mai gyaran da ke bakin kasuwa da ɗan akwatinsa, ya ɗaure maka da waya ko ya liƙe, ka ba shi na goro, ka ƙara shekara biyu da abinka.

Shi kontak awonsa daban ne, kuma wannan biya ake. Ana auna lanƙwasar ƙwayar idon, a ɗiga wani ruwa ruwan ɗorawa a haska da shuɗiyar fitila, sannan a zaunar da ke gaban madubi, ba za su bar ki ki tafi da shi ba sai kin sa kin cire da hannunki a gabansu. Ni da nake zizara kwalli tun ina ƴar firamare na ɗauka wasa ne, sai ga ni kusan minti arba'in ina hawaye, ido na ƙiftawa da kansa, abin ya manne a yatsa ya ƙi sauka. Akwai na wata guda da ake wankewa a jiƙa a ruwan maganinsa kullum da dare, akwai na yini ɗaya da ake yarwa. Na zaɓi na yini ɗaya, kwali mai guda 30 na dama da wani na hagu don idanun nawa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sun so in shiga tsarin da ake cire kuɗi a asusu duk wata na ce a'a, ina sa shi kwana biyu ko uku a sati, kwalin sai ya kai ni wata uku.

Ruwa ne ya kai ni, ruwa ne kuma yake dawo da ni kan gilashi. Gargaɗin da suka fi nanatawa shi ne kar ruwan famfo ya taɓa kontak, ba wanka da shi ba iyo da shi, saboda wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa, Acanthamoeba, in ta maƙale tsakaninsa da ido tana iya cinye gani. Na ce to ni da nake wanke fuska sau biyar a yini fa? Matar ta yi shiru, da alama ba ta taɓa lissafa alwala ba, ta ce in dai zan iya in riƙa cirewa. Shi ya sa nake alwala tukuna, in tsane hannu sosai, sannan in sa. Da hunturu abin da sauƙi, a Disamba azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu, in Allah ya taimake ni alwala ɗaya ta ɗauke su. Da bazara kuwa da rana ke kaiwa kusan goman dare ba ta faɗi ba, ba alwalar da za ta yi wannan doguwar tafiya, sai in haƙura in ɗauko gilashi. Ranar hutu ma gilashi ne, da azumi ma haka don idon bushewa yake.

Kicin kuma rabi da rabi. Da kontak albasa ba ta cika sa ni hawaye ba, tururin tuwo ma ba ruwana da shi. Amma ranar da na jajjaga attaruhu da rana, na wanke hannu da sabulu har sau biyu, da dare na kai yatsa zan cire, Innalillahi, na ɗauka idon ya tafi, ina tsalle a banɗaki maƙwabciyata na buga bango. Tun ranar in akwai jajjage a gidan to ranar gilashi ce.

Auta, ke da kika ce in sayo miki mai launin toka na bikin ƙawarki, ki yi haƙuri ba zan sayo ba. A nan ko wanda ba na ƙara gani ba, na ado zalla, doka ba ta yarda a sayar ba sai ƙarƙashin kulawar mai lasisi, mu kuwa na ga mai kwalliya na ciro shi daga jaka ta sa wa amarya da hannun da ta gama shafa hoda. In kina so da gaske ki je asibitin ido a auna ki tukuna, ki turo min takardar. Ni kaina da zan zo a Janairu kwali ɗaya kawai zan riƙo saboda ranar ɗaurin aure, ƙurar hunturun Kano ba zan haɗa ta da kontak a cikin adaidaita ba. Ki tambayar min ko mai gyaran nan yana nan, zan taho da karyayyen.