Taswirar bango ta Shuɗin Nilu da na saya a Wad Madani

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne in sa yaran da suka girma a bakin Shuɗin Nilu su fahimci inda ruwan da suke wanka a ciki ya fito da inda ya nufa. Wannan ne ya sa na sayi wata babbar taswirar bango a wani kantin littattafai da ke kasuwar Wad Madani, wadda aka keɓe wa kogin da jihohin da ke kewaye da shi, kuma na yi zangon karatu guda ina amfani da ita.

Takardar tana da kauri, an lulluɓe ta da leda, rubutun Larabcin kuma manya ne har yaron da ke layin baya yana iya karantawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda launuka suka nuna gangarar ƙasa. Ido yana farawa daga Tafkin Tana a tsaunukan Habasha, inda ake kiran kogin Abay, ya biyo shi ta cikin kwazazzabai har ya shigo Sudan, ya wuce Rusairis da Damazin, ya ratsa Sinja da Sinnar da Wad Madani, sannan ya haɗu da Farin Nilu a Mugran cikin Hartum. Da wannan kaɗai ɗalibaina suka gane dalilin da ruwan ke yin ja da damina, domin laka ce yake kwasowa daga tsaunuka, kuma shi ne ke kawo mafi yawan ruwan Nilu a lokacin cikowa. An zana madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, tare da manyan magudanan da ke shayar da gonakin auduga da alkama da dawa na Jazira da Manaƙil. Iyakokin jihohin Shuɗin Nilu da Sinnar da Jazira da Gadarif sun fito sarai.

Sai dai akwai abin da ya dame ni ƙwarai. An zana Dindir da Rahad, rassa biyu da ke shigowa daga gabas, da shuɗin layi mai kauri kamar na babban kogin, alhali duk wanda ya je can da rani ya san suna ƙafewa, ba a ganin komai sai yashi da kududdufai nan da can. Yaron da ya dogara da wannan zane ba zai fahimci abin da ke sa makiyaya tururuwa zuwa bakin babban kogi da rani ba, ko dalilin da namun dajin Dindir ke taruwa a 'yan fadamun da suka rage. Haka nan ba a nuna babbar madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011 kusa da iyakarmu ba, ga shi ita ce yanzu ke sauya yadda ruwa ke iso mana.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, babu sunan Mai Wurno ko kaɗan, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kudu da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Wata ɗaliba ce ta fara lura, ta ce, "Malam, mu ina muke?" Da alƙalami na ɗiga garin a yammacin kogin, na rubuta sunansa.

Duk da haka ina shawartar 'yan'uwana malamai su saye ta, amma su tanadi alƙalamin da ke kama leda, su mayar da layin Dindir da Rahad ɗigo-ɗigo kafin su rataye ta a aji.