Littafin anatomi ko ƙwarangwal na roba, in kuɗin na abu ɗaya ne

Ƙanwata, kin tambaya wanne za ki saya don karatun anatomi, wato ilimin sassan jiki: littafi ko ƙwarangwal na roba. Ki sayi littafin. Ross and Wilson ɗin nan da kika ambata, ko na hannu ne, ko tsohon bugu ne, muddin zane-zanensa masu launi ne kuma shafukansa sun cika. Tun 1963 ake buga shi, kuma daga lokacin zuwa yau ba a ƙara wa ɗan Adam ƙashi ko ɗaya ba, don haka kar wani ya ruɗe ki da zancen sabon bugu. Nawa yana nan, bangonsa a liƙe da salatif, babin jijiyoyi ya yi baƙi saboda yawan buɗewa, har da tabon kananzir a shafin ƙwaƙwalwa. Ƙannena biyu da shi suka ci jarrabawa, ɗaya a Jahun ɗaya a Birnin Kudu. Ƙwarangwal ɗin roba kuwa na taɓa saye, yana can saman sif yana shan ƙura.

Babi ɗaya kawai ƙwarangwal zai taimaka miki a kai, wato sunayen ƙasusuwa. Babba yana da ƙashi 206: 80 a ƙoƙon kai da gadon baya da ƙirji, 126 a hannuwa da ƙafafu da mahaɗansu. Wannan hadda ce ta sati biyu. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne fisiyoloji, wato yadda sassan jiki ke aiki, da jijiyoyin saƙo, domin can ba a tambayar mene ne sunansa, sai dai me ya sa, kuma roba ba ta da bakin faɗa miki.

Ga misali. Ƙwarangwal zai nuna miki ƙasusuwan wuya 7, na ƙirji 12, na ƙugu 5. To amma jijiyoyin da ke fitowa daga laka tagwaye 31 ne, kuma na wuya 8 ne, ba 7 ba, saboda ta farko tana fita ta saman ƙashin farko, ta takwas kuma ta ƙarƙashin na bakwai. Wanda ya ƙirga daga roba 7 zai rubuta, ya rasa makinsa. Sannan lakar ba ta kai ƙarshen gadon baya ba. A jikin babba tana tsayawa wajen ƙashin ƙugu na farko zuwa na biyu. Shi ya sa idan zafi ya shigo, sanƙarau ya ɓulla, aka zo ɗibar ruwan laka don gwaji, ake soka allura tsakanin na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar, inda babu laka sai zare-zaren jijiyoyi da ke kaucewa. Ruwan nan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka kusan mililita 150 ne a kowane lokaci, alhali jiki yana samar da kamar 500 kullum. Ki riƙe lambobin biyu, ana yawan musanya su a tambayar zaɓi.

Haka zancen allurar ɗuwawu, wanda da shi za ki ci abinci in kin fara aiki a asibitin ƙauye. Ana raba ɗuwawu gida huɗu, a yi a ɓangaren sama na waje, don gudun jijiyar siyatik, wadda ta fi kowace jijiya kauri a jiki, tana sauka ta bayan cinya. In aka same ta, ƙafa na iya saki, yaro ya riƙa jan yatsunsa a ƙasa. Jarirai kuwa a gefen cinya na waje ake yi musu. Zanen littafin zai nuna miki hanyar jijiyar da ruwan ɗorawa a ƙarƙashin tsoka. A jikin ƙwarangwal babu tsoka balle jijiya.

Ko ki ɗauki shanyewar ɓarin jiki. Mafi yawan zaren da ke kai umarnin motsi suna tsallakawa ɗaya gefen a medula, can gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwo a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke kashe hagun jiki. Ga kuma tarkon da malamai ke so: in baki ya karkace amma mutum yana iya ɗaga gira ya tattara goshi, matsalar daga ƙwaƙwalwa take. In har goshin gefen ya ƙi motsi, ido ya ƙi rufuwa, to jijiya ta bakwai ce daga cikin tagwaye 12 na kai ta samu matsala a hanyarta. Shan inna kuma ƙwayoyin halittar gaban laka masu kai umarnin motsi yake ci, don haka ƙafar ke yin laƙwas ta rame amma yaron yana jin taɓi.

Ban ce roba ba ta da amfani sam ba. Mai kyau tana nuna ramukan gindin ƙoƙon kai fiye da takarda, sai dai mai kyau ta fi ƙarfin aljihun ɗaliba, kuma makarantarku tana da ita a ɗakin gwaji. Ki je can ki taɓa kyauta. Sauran kuma kina ɗauke da su a jikinki: ki shafa ƙashin wuyanki na bakwai, shi ne wanda ke tasowa in kin sunkuyar da kai. Ranar kasuwa ki sa a karɓo miki zuciyar rago da wuyansa a wajen mahauci. Zuciyar ɗaki huɗu gare ta kamar tamu, ki tsaga ki ga yadda bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri. Wuyan ma ƙashi 7 ne, da farar laka a tsakiyar ramin. In kin gama karatun a zuba a miya. Ƙwarangwal kuwa ki kai shi ɗakin Inna ki ga ko zai kwana.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu sayarwa. Akwai bugun jabu mai kyalli a bango, ciki kuma hoto ne baƙi da fari. A zanen anatomi galibi ja na jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ne, shuɗi na mai mayar da shi, ruwan ɗorawa na jijiyar saƙo. In launin ya tafi, rabin littafin ya tafi. Kar ki yarda a ba ki a naɗe cikin leda a ce haka kamfani ya rufe. Ki buɗe babin jijiyoyi a gaban mai shagon, ki bi lambobin shafi, domin sukan tsallake shafi goma sha wani abu a tsakiya ko su maimaita wasu. Ki duba ko ƙananan rubutun da ke jikin zane suna karantuwa, sannan ki ja shafi ɗaya a hankali ki ga ko gam ɗin zai saki. Masu ƙwarangwal su ma haka: ƙaramin da ake turawa a hoton WhatsApp sau da yawa hannunsa dunƙule ɗaya ne, ba za ki ware ƙasusuwa 8 na wuyan hannu ba, ramukan kai a toshe, kuma zafin ɗakin kwano a watan Afrilu yana iya lanƙwasa shi. Wanda ya ce ki turo kuɗi tukuna ya aiko a mota, ko ya ce yana da tambayoyin jarrabawar bana, ki toshe lambarsa.

Canjin da ya rage ki sayi littafin zane mai manyan shafuka da biro kala uku. Kullum bayan isha'i ki zana abu ɗaya da ka, ki sa sunaye, sannan ki buɗe ki gyara da ja. Ki fara da yankakkiyar laka da hanyar da saƙo ke bi in an bugi gwiwa ƙafa ta zabura.