Kifin Zinariya Ko Beta?

Da can, mai son kifin ado da kifin zinariya yake farawa, wanda Sinawa ke kiwo fiye da shekara 1,000. Sai dai ga ci, ga ɓata ruwa da kashi, yana kuma girma ya wuce tafin hannu. Tsare shi a 'yar tukunyar gilashi zalunci ne.

Yanzu beta, wani ɗan ƙaramin kifi na ƙasar Tailan, ke tashe. Jela kamar mayafi, yakan leƙo saman ruwa ya shaƙi iska. Ruwa mai ɗumi yake so, digiri 24 zuwa 27, kuma maza biyu ba sa zama wuri guda. Da wuya ya haura shekara 4, na zinariya kuwa yakan wuce 10. Mai ƙaramin ɗaki, beta ya fi dacewa da shi.