Waken SAMPEA 20-T ya yi, sai dai ba wanda ya tambaye ni inda zan shuka shi

Ga masu gaggawa, ga hukuncina tun daga farko: irin waken SAMPEA 20-T yana yin aikin da aka ce yana yi, kuma in Allah ya kai mu damina mai zuwa zan sake shuka shi. Abin da bai kwanta min ba shi ne yadda yake fita daga shago ya shiga gonaki ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a kan inda ya nufa ba.

Ni malamin makaranta ne, ina noma gonar gado a arewacin Kano. Gero da dawa ne abincin gida, wake kuwa shi ne kuɗin makarantar yara. Duk wanda ya noma wake ya san tsutsar nan da ke shiga fure ta cinye shi ta ciki, ta koma kan kwanso ta huda, ta bar kashinta a bakin ramin haɗe da zare kamar yanar gizo-gizo. Masana suna kiranta Maruca, kuma a shekarar da ta yi ƙarfi takan tafi da kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Maganinta da muka sani shi ne feshi a kai a kai, sau shida zuwa takwas a damina guda, mutum ya dawo gida ido ya yi ja, baya na ƙaiƙayi, kuɗin magani ya cinye rabin riba.

Wannan iri an yi shi ne saboda ita. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta samar da shi tare da AATF, gidauniyar fasahar noma ta Afirka, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt aka sa a jikin waken, yadda in tsutsar ta ci sai cikinta ya lalace ta mutu. Wato dai GMO ne, wannan da ake ta cece-kuce a kansa a rediyo da Facebook. An fara gwajinsa a killataccen fili a Samaru tun 2009, hukumar NBMA mai kula da irin waɗannan tsirrai ta amince da shi a Janairun 2019, aka yi masa rajista a ƙarshen shekarar, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta saki waken GMO ga manoma.

A gona, tsirowarsa ta yi kyau, ba gurbi da yawa. Yana miƙewa ne, ba ya yaɗo kamar Kanannado, kuma yana nuna da wuri, cikin kwana 70 zuwa 75. Lokacin fure na riƙa zagayawa da sassafe ina buɗe furanni da farce, abin da na saba gani ban gani ba sai jefi-jefi, ita ma tsutsar ƙarama ce ba ta kai ko'ina ba. Kwanson ya fito sumul, roro ya yi daɗi, yara ba su yi ta ware ruɓaɓɓe ba. Wuta-wuta ma ba ta kama shi kamar yadda take kama tsohon irinmu a wannan ɓangaren gonar ba.

Amma kada wani ya ce maka ka jingine abin feshi. Darɓa tana nan, ƙananan ƙwarin da ke sa fure zubewa suna nan, masu tsotse kwanso ma suna nan, Bt bai san da zamansu ba. Feshi biyu aka ce, ɗaya a farkon fure ɗaya lokacin da kwanso ya fara cika, kuma shi ne gaskiya. Wanda ya yi ganganci ya ƙi, zai zargi iri alhali laifinsa ne. Haka ƙwarin ajiya: suna huda shi a buhu kamar kowane wake, sai ka nemi buhu mai leda a ciki ko ganga mai murfi. Na faɗi wannan ne saboda na ji ana cewa wannan iri zai buɗe mana kasuwar Turai da aka rufe wa busasshen wakenmu tun 2015. Abin da ya jawo haramcin nan ragowar maganin ƙwari ne mai suna dichlorvos, wanda galibi a wurin ajiya ake zuba shi, kuma iri ba ya gyara halin mai rumbu.

Harawarsa ba ta kai ta Kanannado ba, nesa ba kusa ba. Mai turken tumaki ya sa wannan a lissafi. A tukunya kuwa uwargida ta ce fari ne, yana saurin dahuwa, ƙosansa yana tashi, alale ma babu laifi. Ta ce in ban gaya mata ba, ba za ta bambance shi da wanda take saya a kasuwa ba.

To wannan magana tata ita ce tushen damuwata. Ido ba ya gane shi, harshe ba ya gane shi. Abin da ya rage kawai shi ne a gaya maka.

Shagon da na saya, shago ne mai tsabta a cikin gari, mai shi mutumin kirki. Ledar a rufe take, da sunan irin da tambarin hukumar tantance iri, farashin ya ɗara na waken kwano sosai amma bai kai kuɗin feshin da ya rage min ba. Ya miƙo min, na biya. Na ce, "Alhaji, ba za ka rubuta sunana da garinmu ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, bashi za ka ci?" Na ce a'a, ina nufin ko akwai wani littafi na waɗanda suka sayi wannan irin. Ya ce ba wanda ya ba shi littafi, shi dai an kawo kaya yana sayarwa. Ban ga laifinsa ba. A duk tsawon cinikin kuma kalmar GMO ba ta fito daga bakinsa ba sai da ni na furta ta. Shi "mai maganin tsutsa" yake ce masa, kuma na tabbata da yawa daga masu saye da wannan sunan suka tafi da shi gida.

Kafin shuka na je wurin Baffana, wanda gonarsa ke manne da tawa ta gabas. Kanannadon da yake shukawa tun na kakanmu ne, kowace shekara yana ware na iri ya adana. Na gaya masa abin da zan shuka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, zai ɓata min nawa?" Na faɗa masa abin da na sani: wake yawanci kansa yake yi wa barbara tun furen bai buɗe ba, don haka gaurayar kaɗan ce, sai ɗan abin da zuma da sauran ƙwari suka ɗauka daga fure zuwa fure. Ya ce to, kunyoyin da zai ɗebi iri a kai zai mayar da su can ƙarshen gona. Magana ta ƙare, ba faɗa ba gaba. Bai hana ni ba, ban tilasta masa ba, amma ya samu damar yin shawara a kan gonarsa saboda ya sani.

Wani maƙwabcin namu bai samu wannan damar ba. Ya ga wake ya yi kyau a gonar surukinsa a wani ƙauye, ya roƙi kwano biyu, ya shuka. Sai da muka zauna hira ya kwatanta min yadda tsutsa ta ƙi taɓa shi, na tambayi asalin irin, muka gano daga leda irin tawa ya fito. Wannan wake ba kamar masarar kamfani ba ne da ke rikicewa in ka sake shuka 'ya'yanta. Abin da ka girbe in ka shuka yana riƙe halinsa. Wannan alheri ne ga talaka, amma ma'anarsa ita ce yana yawo hannu zuwa hannu ba leda ba suna. Da kaka kuma duk a zuba a buhu a kai Dawanau, ya haɗu da na Borno da na Maraɗi. Iyakarmu da Nijar ta Maigatari da Jibiya da Illela, wake na ƙetare ta kowace ranar kasuwa, dangi suna aika wa dangi iri. Amincewar da aka yi ta Najeriya ce. Ita Ghana sai da ta bi nata matakan daban kafin ta saki nata mai suna Songotra-T a 2024. Shi kuwa kwanon wake ba ya tsayawa neman izini a bakin iyaka.

Ba wani abu ne sabo nake nema ba. A Jamus tun 2005 akwai rajista a intanet da kowa zai iya buɗewa ya ga inda aka shuka GMO: gunduma, lambar filin, girmansa, da irin da aka shuka. Doka ta ce manomi ya sanar wata uku kafin shuka. Sunansa ba ya cikin abin da jama'a ke gani, sai wanda ke da hujja, kamar maƙwabcin gona, zai nema a ba shi. Har tazara suka yanka wa masara: mita 150 daga gonar masarar da ba GMO ba, mita 300 daga gonar mai noman da ba ya amfani da sinadarai. Jihar Saxony-Anhalt ta kai ƙara tana cewa abin ya takura wa manoma, kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke a Nuwamban 2010 cewa rajistar tana nan daram. A Faransa kuwa wani mutum ne, Pierre Azelvandre, ya tambayi magajin garin Sausheim a 2004 inda ake gwajin GMO a yankinsu, aka hana shi. Maganar ta kai har kotun Tarayyar Turai, wadda ta ce a Fabrairun 2009 ba a ɓoye wurin, ko da hujjar tsoron tarzoma ce.

Tsoron ba na banza ba ne, in faɗi gaskiya. A Jamus ɗin masu adawa sun riƙa duba rajista su je su tattake masara, kuma ƙasar ta hana noman masarar GMO mai suna MON810 a Afrilun 2009. A nan ma, da irin jita-jitar da ke yawo a WhatsApp cewa wai waken yana hana haihuwa ko yana kashe ƙasa, ba zan so a liƙa sunana da hoton gonata a intanet ba. Amma tsakanin liƙa suna da rashin rubuta komai akwai fili mai faɗi. Mai shago ya rubuta ƙauye da yawan ledar da ya sayar. Malamin gona ya tattara na mazaɓa. Dagaci ya san gonakin da ke ƙasarsa, kamar yadda ya san iyakokinsu in rigima ta tashi. A fitar da jimillar kowace ƙaramar hukuma, da Hausa, a karanta a shirin manoma na rediyo. NBMA takan buga sanarwa a jaridu ta nemi ra'ayin jama'a kafin ta ba da izini, wannan ya yi. Amma Baffana ba ya karanta jaridar Turanci, kuma tambayarsa ba a kan izini take ba, a kan kunyar da ke kusa da tasa take.

Ko masu goyon bayan irin, rajistar amfaninsu ce. Ƙwari suna sabawa da Bt in aka cika musu ƙasa da shi ba a bar waken gargajiya a kusa ba, an gani a audugar Indiya da masarar Afirka ta Kudu. Ranar da tsutsa ta fara cin wannan wake a wani yanki, ta yaya masana Samaru za su gane da wuri in ba su san inda ya yi yawa ba? Kuma ranar da aka samu mai sayen waje da ya ce ba ya son GMO, dillalin Dawanau da me zai rantse? Lokacin da Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin GMO a Mayun 2024 har a yi bincike, ƙungiyoyi masu adawa da GMO irin su HOMEF suna gefe guda masana suna ɗaya gefen, na saurari muhawarar sosai. Ni na gamsu da lafiyar waken, ina ci iyalina suna ci. Amma gamsuwata ba ta ba ni ikon yanke wa mai sayen ƙosai hukunci ba tare da saninsa ba. A buhunan da na kai kasuwa na rubuta sunan irin da alli mai kauri. Dillalin ya kalla, ya auna farin waken a tafin hannu, ya ba ni farashin ranar. Rubutun bai ƙara ba, bai rage ba, kuma ina kallo aka juye su cikin wasu buhunan.

Yanzu ga masarar TELA, ita ma GMO ce, wadda aka amince da sakinta a Janairun 2024, nau'i huɗu daga SAMMAZ 72T zuwa 75T, masu jure fari da tsutsar da ke cin zuciyar masara. Alhaji mai shago ya ce min in ina so zai nemo min. Masara ba wake ba ce: iska ke kwasar ƙurar bununta ta kai wa gonar wani, shi ya sa Jamusawa suka tsaya auna mitoci. Gonakinmu kuwa kunya ɗaya ce ke raba su, wani wurin ma sai ɗan itacen da aka kafa. Na ce masa ya dakata tukuna, sai na zauna da Baffa da sauran maƙwabtan gonar uku mun yi magana a gaban mai unguwa.