Zaɓen irin ayaba mai jure hunturu a lambunan Yamai

Mai shirin sayen dashen ayaba domin lambunsa na bakin kogi a Yamai ya sani cewa sanyin Disamba da Janairu ba ya kashe uwar ayaba, domin ganyenta ba ya mutuwa sai sanyi ya kai ga daskarar da ruwa. Ɓarnar tana sauka ne a kan ƴaƴan. Ayaba ta fi son ɗumi na kusan digiri 27 a ma'aunin Celsius, girmanta yana tsayawa idan awo ya sauka wajen 14, kuma ƙasa da 13 ɓawon yakan dushe, ya ƙi yin rawaya mai kyau ko da ya nuna, kamar ayabar da ta kwana a firij.

Ayabar dangin Cavendish, irin su Grande Naine da Petite Naine, su ne masu zaƙin da kasuwa ke nema. Petite Naine gajera ce, saboda haka iskar hunturu ba ta cika kayar da ita ba, kuma an daɗe ana noma ta a wurare masu sanyi-sanyi irin tsibiran Kanariya. Aibinta shi ne, idan lokacin fitar nono, wato curin ƴaƴan ayabar, ya zo cikin sanyi, nonon yakan maƙale a wuyan uwar, ya fito a gurguje ko ya lalace a ciki. Grande Naine ba ta kai ta yawan wannan matsala ba, shi ya sa na fi karkata gare ta ga mai lambun da yake da katanga ko itatuwan kare iska, tunda ita ba gajera ba ce kamar Petite Naine.

Nau'in dafawa irin Bluggoe ya fi su duka jure sanyi da ƙishirwa, sai dai masu sayensa kaɗan ne. Agade, wadda ake soyawa, tana son ɗumi da laima, kuma busasshiyar iskarmu tana wahalar da ita. Nau'in ayabar da ake kira Musa basjoo kuwa, da ake yabo a Turai saboda saiwarta tana tsallake ƙanƙara, ta ado ce kawai, ba a cin ƴaƴanta.

Kafin a biya kuɗi, a nemi ganin uwar da aka ciro dashen, a zaɓi mai siririn ganye da kaurin gindi, a tsara shuka yadda nono ba zai fito tsakiyar hunturu ba. Wanda ya riga ya fito, a rufe shi da leda mai huji har sanyi ya wuce.