Gyaran kilim na tsohuwar Corolla a Tawa: abin da na gani

Motata Toyota Corolla ce ta 2003, kuma duk wanda ya yi bazara a Tawa ya san kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, ba kayan ado ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, sitiyari ma ba ya taɓuwa da rana tsaka. Kilim ɗin motata na aiki, amma sanyin sai mota na gudu. Da na tsaya, sai iska mai ɗumi.

Mai gyaran da aka haɗa ni da shi, a wani ƙaramin garaji kusa da tasha, bai fara da maganar gaz ba, kuma nan ya shiga raina. Ya buɗe kafo, ya haska kondansa, wato ragar nan da ke gaban radiyato, ya ce: "Alhaji, dubi nan. Ƙurar hunturu ta toshe ta, ta ina zafi zai fita?" Gaskiya ne, ƙura da ciyayi da ƙwari sun cike ramukan. Ya wanke ta da ruwa a hankali don kada siraran haƙoranta su lanƙwashe. Sannan ya gano fankar da ke hura mata iska ta yi rauni. Shi ya sa sanyi ke zuwa a kan hanya kawai, lokacin da iskar gudu ke yi wa fankar aikinta.

Wurin da na fi yaba masa shi ne zuba gaz. Ya samu inda yake yoyo, wata robar mahaɗa ce ta bushe, ya canza ta. Ya canza matatar da ke tsotse danshi, ya jona famfon da ke zuƙe iska da laima daga bututai, ya bar shi yana aiki kusan rabin awa. Bayan haka ya ɗora tulun gaz ɗin, mai suna R134a, kan sikeli, ya zuba daidai abin da kamfani ya rubuta wa motar. Ya ce gaz in ya yi yawa sanyi raguwa yake, kompresa kuma, wato injin da ke tura gaz ɗin cikin bututai, ya wahala. Masu motocin farkon shekarun 1990 su lura: da yawansu da tsohon gaz R12 aka ƙera su, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma man kompresansa daban ne da na R134a, ba a haɗa su.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Matatar babu ita a hannunsa, sai da aka aiko daga Ƙonni, motar ta kwana a garaji. Wurin zaman jira ma babu inuwar kirki. Kuɗin kuma ya ninka na mai zuba gaz kawai ya sallame ka.

Na gwada ta a hanyar Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yara na baya, har suka ce a rage. In mota ta daɗe a rana, sai na sauke gilasai zafin ya fita tukuna, sannan in danna maɓallin da ke juya iskar ciki. A cunkoson Yamai da azahar sanyin yana ɗan ja baya, tsohuwar mota ce, amma bai ƙara komawa ɗumi ba. Ya ce in riƙa kawo ta a wanke kondansa duk ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kama.