Android ko ƙaramar waya don lamuran NIN na Baba

Hajiya, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Tunda idon ne ya tafi, kuma kina so ya riƙa duba lambarsa ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da kansa, ki saya masa Android, ki bar zancen ƙaramar waya mai madannai.

Ƙanena da muke zaune tare a Ƙofar Marusa makaho ne tun yana yaro. Da na saya masa Android, wani abokinsa ya kunna masa TalkBack, wato muryar da ke karanta duk abin da yatsa ya taɓa a fuskar waya. Kyauta ce, tana cikin saitin wayar. Ya sa abin kunne, ya danna *346#, wayar ta karanto masa lambobin nan 11 ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa har ya haddace. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don a da sai ya miƙa wa wani takardarsa a karanta masa a gaban jama'a. Manhajar NINAuth ta hukumar NIMC, mai ba da NIN, ma sai babbar waya ake sa ta. Inda za ki taimaka masa shi ne wurin ɗaukar hoton fuskarsa a manhajar, ki daidaita masa kyamarar, ku tsaya inda akwai haske.

Ƙaramar wayar, ita na fara saya, na yi da-na-sani. Tana riƙe caji, ba laifi, amma lambar sai dai ta fito ta ɓace ba mai faɗa masa.

Ki yi hattara da masu tsofaffin wayoyi. Wasu sukan canza fuskar wayar su sa ta bogi, ko kyamarar gaba ta dushe su ce ƙura ce. Ki sa a kunna TalkBack a gabanki, Baba ya taɓa ko'ina ya ji tana amsawa kafin ki biya. Haka masu buga katin roba su ce katin NIN ne, hukumar ta sha gargaɗi cewa ba ta ba su izini ba, kuma yin rajistar farko kyauta ne.

In ta kama ku je ofishin NIMC, dokar masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a fara sauraronsu a layi, ki faɗa wa mai gadi tun daga ƙofa. Kuma ku danna *346# ɗin da layin da aka haɗa da NIN ɗinsa, da ɗan kuɗi a ciki.